Juniyoyin da Ba Yara Ba: Tarihin Wata Gasa a Ƙasar Ailan

Duk wanda ya yi zaman makarantar kwana ya san kalmar juniya, ya kuma san ɗacinta. Juniya shi ne mai ɗebo ruwa, mai sharar ɗaki, mai wanke kwanon siniya. Abin da ke kwantar masa da rai shi ne ya san wahalar ta 'yan shekaru ce, wata rana shi ma zai zama siniya ya miƙe ƙafa. To, a ƙasar Ailan an daɗe ana yin wata gasa da ake kira gasar juniya, amma masu yin ta ba yara ba ne. Samari ne da magidanta, manoma da leburori da malaman makaranta, kuma da yawa daga cikinsu sun san har su bar wasa ba za su taɓa zama siniya ba. Tarihin wannan gasa nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai, watau gasar juniya ta wasan harlin tsakanin gundumomin Lardin Munster.

Kafin in shiga tarihin ya kamata in bayyana wasan kansa, domin na tabbata yawancinmu ba mu taɓa ganinsa ba. Ni ma a talabijin na fara ganinsa lokacin hutu, har na ɗauka faɗa ne ya kaure. Harlin ya yi kama da ƙwallon gora, amma ya fi shi zafi nesa ba kusa ba. Kowane gefe mutum 15 ne. Kowa yana riƙe da sanda mai faffaɗan kai kamar muciya, wadda ake sassaƙawa daga wani itace da suke kira ash. Ƙwallon ba ta fi ƙaramin lemon zaƙi ba, an ɗinke ta da fata, ga tauri. Ana dukanta a ƙasa, ana dukanta a sama, ana iya cafe ta da hannu, amma ba a ɗaukarta da hannu daga ƙasa, kuma ba a yin taku fiye da huɗu da ita a hannu. Wanda yake so ya yi nisa da ita sai ya ɗora ta a kan sandarsa ya sheƙa da gudu, kamar tseren ƙwai a cokali da muke yi ranar wasannin makaranta. Filin ya fi na ƙwallon ƙafa girma, tsawonsa yakan kai mita 145. A kowane ƙarshe akwai dogayen sanduna biyu da wata a gicciye, da raga a ƙasa. In ƙwallo ta bi ta saman ta gicciyen an ci maki 1, in ta shiga raga an ci maki 3. Saboda haka in ka ga an rubuta 2-10, ana nufin raga biyu da maki goma, watau 16 ke nan. Sai a 2010 aka tilasta wa kowane ɗan wasa sa hular kwano. Kafin nan ba abin mamaki ba ne a ga gwanin harlin da giɓi.

Ita Ailan tsibiri ce yamma da Ingila. Tun zamanin da an raba ta larduna huɗu, Munster a kudu, Leinster a gabas, Connacht a yamma, Ulster a arewa, kuma a cikinsu akwai gundumomi 32. Munster tana da shida: Cork, Tipperary, Limerick, Clare, Waterford da Kerry. Harlin tsohon wasa ne ƙwarai a ƙasar, har yana cikin tatsuniyoyinsu, kuma tun 1366 masu mulki daga Ingila suka yi dokar hana mutanensu da ke zaune a Ailan yin sa, don kada su saje da 'yan ƙasa. Abin da ya kusa kashe shi ba doka ba ce, yunwa ce. Daga 1845 cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne tuwon talakawa, mutum kamar miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura, ƙauyuka suka zama kufai.

Ranar 1 ga Nuwamba 1884 wasu mutane suka taru a wani otal a garin Thurles cikin gundumar Tipperary, suka kafa ƙungiyar raya wasannin gargajiyar Ailan, wadda aka sani da GAA. Jagoran tafiyar wani malamin makaranta ne ɗan gundumar Clare, Michael Cusack, shugaban farko kuwa Maurice Davin. Ka ga tun daga tushe Munster ce gidan abin. Akwai al'adu biyu na wannan ƙungiya da in mai karatu bai riƙe su ba, ba zai gane amfanin gasar juniya ba. Ta farko, ba a biyan ɗan wasa albashi. Wanda mutum 82,000 suka taru suka kalla ranar Lahadi a filin Croke Park na Dublin, ranar Litinin yana gona ko ofis ko aji. Ta biyu, ba a saye da sayar da 'yan wasa. Mutum yana yi wa kulob ɗin ƙauyensu wasa, in ya yi fice a zaɓe shi cikin 'yan wasan gundumarsu, shi ke nan. Ba kamar ƙwallon ƙafar Turai ba, inda wanda aka ajiye a benci zai tattara ya-nasa-ya-nasa ya koma wani kulob.

An fara gasar siniya ta ƙasa baki ɗaya a 1887, Tipperary ta ci. A lokacin mutum 21 ne a kowane gefe, aka rage zuwa 17 a 1892, sa'an nan 15 a 1913. To, ga inda gizo ke saƙar. Gunduma kamar Cork tana da kulob fiye da 200 a yau, ko a wancan zamani ma tana da su birjik, amma rigunan gunduma ba su fi a ƙirga da yatsun hannu da ƙafa ba. Kuma masu zaɓe sun fi kai ido ga manyan kulob na birni da manyan garuruwa. Gwanin da Allah ya ajiye a wani ɗan ƙauye a bayan dutse, wanda kulob ɗinsu bai isa shiga sahun manya ba, sai ya tsufa ba wanda ya san da shi sai shanun ubansa.

Wannan ya sa hukumar GAA ta Lardin Munster ta buɗe gasar juniya a 1910, Tipperary ta ɗauki kofin farko. Ƙa'idodin shiga sun sha canzawa, amma gindinsu ɗaya ne: wanda yake yi wa gunduma wasa a gasar siniya ba shi da wuri a nan. A manyan gundumomi an sha ɗebo 'yan wasan ne daga ƙananan kulob. Ba ruwan gasar da shekarun haihuwa. Ta yara daban ce, a wancan zamani ta 'yan ƙasa da shekara 18, kuma sai a 1928 aka fara ta. Tsarin kuwa sili-ɗaya-ƙwale ne. In an cinye ka sau ɗaya ka koma gida sai baɗi, ko da kuwa ka yi wata uku kana tisawa a cikin ruwan sama da sanyi. Sau da yawa wasan juniya shi ne share fage kafin na siniya, ana yin sa 'yan kallo suna shigowa suna neman wurin zama. A 1912 aka ƙara masa daraja, aka ce zakaran kowane lardi ya je ya kara da na sauran larduna don a fid da zakaran juniya na Ailan duka. Cork ce ta fara ci.

Kofunan ƙasa biyar na farko duk Munster suka zo: Cork a 1912, Tipperary a 1913, Clare a 1914, Tipperary kuma a 1915, Cork a 1916. Shekarar 1914 ta Clare ce, domin ta haɗa kofin siniya da na juniya a shekara ɗaya. Da mutanen Clare sun san abin da ke gaba da sun ƙara kwanakin biki, don sai da suka jira shekara 81 kafin su sake ganin kofin siniya.

Daga nan ƙasa ta rikice. A 1916 aka yi bore a Dublin don neman 'yanci daga Birtaniya, daga 1919 zuwa 1921 aka yi yaƙin neman mulkin kai, bayansa kuma yaƙin basasa har 1923. Munster tana cikin wuraren da wutar ta fi ci. Ranar 21 ga Nuwamba 1920 dakarun Birtaniya suka buɗe wuta a Croke Park ana tsakiyar wasan ƙwallon ƙafar gargajiya, suka kashe mutum 14, har da ɗan wasan Tipperary, Michael Hogan. Gasar siniya ta yi ta ɗingishi, ana yin wasan ƙarshe na wata shekara a wata shekarar, amma ba ta yanke ba. Ta juniya kuwa an jingine ta, ba a ba da kofin ƙasa ba daga 1917 har 1922. Haka aka sake yi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ailan ba ta shiga yaƙin ba, amma man fetur da kwal sun yi wuya, jiragen ƙasa suka ragu, mutane suka koma zuwa kallon wasa a kan keke. Siniya suka ci gaba da wasansu, juniya aka ce su dakata daga 1942 zuwa 1945. Wannan bai ba ni mamaki ba. Ko a nan, ranar da miya ta yi ƙaranci mun san kwanon wanda ake fara ragewa.

Tsakanin waɗannan yaƙe-yaƙe biyu ne gasar ta fi armashi, kuma a nan ne za a ga aikin da ta yi. A 1930 Tipperary ta share fage tas, ta ci kofin ƙasa na siniya da na juniya da na yara, abin da mutanenta har yau suke tinƙaho da shi. Amma ni labarin Waterford ya fi burge ni. Ita wannan gunduma shekara da shekaru tana shan kashi a hannun maƙwabtanta, ba ta taɓa cin komai ba a siniya. A 1929 yaranta suka ci kofin ƙasa na yara. A 1931 ta ci na juniya, ta sake ci a 1934. A 1938 ta ci kofin siniya na Munster karo na farko, a 1948 kuma ta ci na ƙasa baki ɗaya. Duba yadda abin ya bi daki-daki kamar mai hawan tsani. Ba na cewa kofin juniya ne kaɗai ya kai su, amma mutanen da suka saba da kaye sai sun ɗanɗana nasara ko ta ƙarama ce kafin su yarda za su iya babba. Limerick ma ta ci kofin juniya a 1935, tsakanin kofunan siniyarta na 1934 da 1936, alamar cewa rumbunta cike yake har ƙasa.

Haka abin yake ga ɗaiɗaikun 'yan wasa. Christy Ring na Cork, wanda mutane da yawa suke cewa ba a taɓa yin gwanin harlin kamarsa ba, ya ci kofin yara a 1938, ya ɗan taɓa wasa da juniyoyin Cork a 1939, sa'an nan ya haye siniya, inda ya ci kofin ƙasa sau takwas. Sai dai kada mu ruɗi kanmu da irinsu. Mutum kamar Ring ko ba gasar juniya zai fito, don ba a ɓoye rana da tafin hannu. Waɗanda gasar ta yi wa rana su ne sauran, waɗanda ba a rubuta littafi a kansu ba, waɗanda wannan ce kaɗai ranar da za su sa rigar gundumarsu.

Akwai wani abin ban mamaki a tarihin nan wanda ya sa na daɗe ina tunani. Daga 1927 aka yarda 'yan Ailan mazauna Birtaniya su shiga gasar juniya kamar wani lardi na biyar. Saboda haka gunduma takan ci Munster, ta ci sauran lardunan gida, sa'an nan a ce saura ƙiris, sai ta kara da zakaran Birtaniya. Kada ka ce wasa ne. Landan ta ɗauki kofin juniya na Ailan a 1938, 1949, 1959, 1960 da 1963. Su wane ne waɗannan 'yan Landan? Ba Ingilishi ba ne. 'Yan ci-rani ne, samarin Cork da Tipperary da Clare da sauran gundumomi waɗanda rashin aiki ya kora daga gida, suka tafi haƙar hanya da ɗaukar bulo a Ingila. A shekarun 1950 kaɗai dubban ɗaruruwan mutane suka bar Ailan. Watau duk lokacin da Landan ta yi ƙarfi, ƙauyukan gida ne suka rame. Yaro zai iya samun kansa yana gadin wanda suka taso tare suna dukan ƙwallo a bayan coci ɗaya. Wanda ya karanta jerin masu cin wannan kofi da lura, zai ga tarihin talaucin ƙasar a ciki.

Sai gundumar Kerry, wadda matsayinta daban ne. Ita gwanar ƙwallon ƙafar gargajiya ce, ba wanda ya kai ta yawan kofuna a can. Harlin kuwa 'yan ƙauyuka ne kawai a arewacin gundumar suka riƙe shi. Ta taɓa cin kofin siniya sau ɗaya tak, a 1891. Saboda haka abin da Cork take ɗauka wasan 'yan sahu na biyu, a wurin Kerry shi ne babbar salla, da gwanayenta na farko take zuwa. Duk da haka da ƙyar take kai labari, sai a 1956 ta ci kofin juniya na Munster. Wannan ya nuna wata ɓaraka da ke cikin gasar tun farko: an ɗora mata kaya biyu a kai ɗaya. Ana so ta zama wurin 'yan sahu na biyu na manyan gundumomi, ana kuma so ta zama wurin 'yan sahu na farko na raunanan gundumomi, alhali kuwa na biyun Cork ya fi na farkon wasu.

A 1961 aka yi ƙoƙarin raba gardamar. Aka ƙirƙiro gasar matsakaita, tsakanin siniya da juniya, aka tura manyan gundumomi can, aka bar wa raunana kofin juniya na ƙasa. Nan da nan Kerry ta ci shi a wannan shekarar, ta sake ci a 1972. Gasar juniya ta Munster irin ta da kuwa ta kwanta. Bayan 1973 ita ma ta matsakaitan aka soke ta, sai ya zama kusan shekara goma ɗan ƙaramin kulob a Cork ko Tipperary ba shi da ƙofar shiga rigar gunduma in ba ta siniya ba.

A 1983 aka tashe ta daga barci, Cork ta ci Munster ta kuma ci ƙasa. Wannan zango na biyu shekara 14 ya yi, kuma bai tafi a banza ba. Tipperary, wadda ta yi shekara 18 rabonta da kofin siniya, ta dawo a 1989 ta haɗa na siniya da na juniya da na 'yan ƙasa da shekara 21, ta kuma maimaita siniya da juniya a 1991. Clare ta ci kofin juniya a 1993, karo na farko tun 1914, bayan shekara biyu kuma, a 1995, ta karya ƙofin da ya hana ta kofin siniya. Wasu za su ce katari ne. Ni dai na lura sau biyu ke nan da kofunan nan suke zuwa Clare kusa da juna. Bayan 1996 aka sake rufe gasar, aka komo da ta matsakaita a 1997, wadda ita ma daga baya ta mutu kafin 2020. In aka yi lissafi, Cork ce ta fi kowa cin kofin juniya na Munster, Tipperary na bin ta. A na ƙasa kuwa Cork tana da 11, Tipperary 9, Limerick 4, Waterford da Clare da Kerry biyu-biyu.

Me ya kashe ta? A ganina ba mutum ɗaya ba ne, ayyukanta ne aka yi ta zarewa ɗaya bayan ɗaya har ba abin da ya rage mata. Aikin renon gwanayen gobe ya koma hannun gasar 'yan ƙasa da shekara 21 da aka fara a 1964, domin mai horarwa ya fi son ya zuba ido a kan ɗan shekara 20 da ɗan shekara 29. Motoci da hanyoyi suka yawaita, ba sauran ƙauyen da yake da nisan da za a ce ba a ga gwaninsa ba. Aikin ɗaukar raunanan gundumomi kuma aka yi masa kofuna na musamman: na Christy Ring da na Nicky Rackard a 2005, na Lory Meagher a 2009, na Joe McDonagh a 2018, kowa da sa'ansa. Kerry ta ci na Christy Ring a 2011 da 2015. Ban da haka, kulob-kulob ba sa son a riƙa janye musu 'yan wasa a tsakiyar kakarsu saboda gasar da 'yan kallo ba su cika zuwa ba.

Waɗannan dalilai suna da ƙarfi, kuma ba wanda zai ce harlin ya lalace a Munster don an daina gasar juniya. Daga 2018 zuwa 2025 kofin siniya na ƙasa bai fita daga lardin ba ko sau ɗaya: Limerick sau biyar, Tipperary sau biyu, Clare sau ɗaya. A 2018 ma hukumar UNESCO ta sa wasan cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Duk da haka ban yarda ba a yi asarar komai ba. Duk dalilan nan suna magana ne a kan abin da gasar take yi wa siniya ko take yi wa gunduma. Ba wanda ya yi magana a kan mutumin nan ɗan shekara 29, wanda ya wuce renon gobe, gundumarsu kuma ta fi ƙarfin ƙananan kofuna, wanda ya fi kowa a ƙauyuka goma amma ya zo na ashirin ko na talatin a gunduma. Don shi aka buɗe gasar a 1910. Mu da muke cikin 'yan sahu na biyu a ƙwallon makaranta mun san bambancin da ke tsakanin a ce ka je ka yi tisawa da manya, da a ce ga riga, ga alƙalin wasa, ga kofi, ku ma ku je ku kara.

Abin da ya rage masa yanzu shi ne gasar juniya ta kulob-kulob. Ƙaramin kulob yakan ci gundumarsu, ya ci Munster, ya je wasan ƙarshe a Croke Park, ƙauyen duka a rufe gidaje a bi shi a motoci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, wataƙila ma ya fi daɗi, tunda da 'yan'uwansa da maƙwabtansa zai shiga filin. Amma da rigar ƙauyensu zai shiga. Jar rigar Cork, da shuɗiya mai ratsin rawaya ta Tipperary, da koriyar Limerick, in mutum ya wuce shekarun samari, sai siniya.